Dubiyar gyaɗa a ƙasar Makoda

Mun tashi da asuba, ni da 'yata ta fari, bayan na zuba wa maigidan kunu a fulas na kuma ja wa ƙannenta kunne a kan awaki. Ku 'yan uwana na wannan zaure na matan Islamiyya kun yi ta tambaya ina na shiga ranar Asabar ba a gan ni wajen hadda ba. To, ƙauye na tafi neman gyaɗa marar lafiya. Ku dakata da dariyar tukuna.

Yarinyar tana ajin ƙarshe a jami'a, lissafi da kwamfuta take karantawa. Ba a ba su digiri sai kowa ya yi bincike na kansa, shi suke kira furojet. Wata ƙawarta tana lissafin yadda za a rage layi a banki, wani ɗan ajinsu yana bin yadda ƙyanda ke yaɗuwa daga gida zuwa gida. Ita kuwa ta zaɓi ta koya wa waya gane ciwon gyaɗa: manomi ya ɗauki hoton ganye, wayar ta faɗa masa abin da ke cin shukarsa. Yadda ta fahimtar da ni, kwamfuta kamar yaro ce mai koyon baƙi. Sai an nuna mata ganye mai lafiya, an nuna mata marar lafiya, an maimaita har a gaji, lissafi yana aiki a ciki, sannan ta soma bambancewa. Malaminta ya ce ba ya son hotunan gonakin wata ƙasa da ake kwasowa a intanet, na ƙasarmu yake so. In aka koma daga hutu babu su, sai ta maimaita shekara, domin da an cire gyaɗa sai kuma wata daminar.

Baffanta, yayan mahaifinta, shi ke tallafa mana da kuɗin makaranta, Allah ya saka masa. Da ya ji zancen sai ya ce, “Ke dai kina son wahala. Ga shaguna nan bakin jami'a ana sayar da furojet a haɗe, suna kawai za a sa. Kowa haka yake yi. Ni dai in ta maimaita, a wannan marra, ba ni ciki.” Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar masa da magana ba, amma ran nan na ce, “Yaya, in ta ci abinci da takardar da ba guminta ba, har ni za a tambaya gobe.” Ya ce to mu je mu yi ta yawon gona. Maigidan ya ba da izini, muka shirya.

A tashar Ɗanbatta mun daɗe kafin mota ta cika. Da can rububin mota ake yi, yanzu direba ne ke leƙen hanya yana roƙon Allah ya kawo fasinja. Kuɗin motar da aka faɗa mana, a da ya kai mutum Kano ya dawo da shi har da tsarabar burodi. Wata dattijuwa ta tsaya ciniki har ta kira yaron motar marar imani, shi kuma ya ce ta je ta faɗa wa gidan mai. Direban da ya ga ɗan gangare sai ya kashe inji, mu tafi shiru kamar masu rakiyar gawa, sai motar ta kusa tsayawa ya sake tayarwa.

Hanya dai ta yi kyau, ba a magana. Gero ya fi mutum tsayi hagu da dama, ga wake yana bin ƙasa, ga gyaɗa a tsakani. A ƙasar nan babu tafin hannu da aka bari ba shuka, gona tana ƙarewa wata na farawa, sai layin gamba ko 'yar bishiya ke nuna iyaka. Amma mai lura zai gane wanda ya samu taki da wanda bai samu ba. Wata gonar kore shar, ta kusa da ita ta yi fari kamar mai jego da ba ta ƙoshi. Na yi ta addu'a a zuci ga masu fararen.

Daga Makoda muka hau acaba zuwa ƙauyen su mahaifiyata, inda ƙaninta, Kawuna, yake zaune. Laka ta sha ƙafafunmu sau da dama. Ɗan acabar ya ga jakar goyo da wayar yarinyar sai ya ce, “Hajiya, tallafi aka kawo mana?” Na ce a'a. Ashe bai yarda ba, kuma bakinsa ya riga mu isa gari.

Muna gama gaisawa da mai unguwa, muka tarar ƙofar gidan Kawu ta cika da mata, wasu da goyo, wasu da katin zaɓe a hannu, kowa na jira a rubuta sunanta. Na tsaya na faɗa musu gaskiya, cewa ba shinkafa ba taki, hoton ganyen gyaɗa muka zo ɗauka don karatun yarinya. Wata doguwa mai tsage ta ce, “Ganye? Ga mu nan da ranmu ba a ɗauke mu ba, sai ganye?” Aka bushe da dariya, wasu suka tafi da tsaki. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya kwana bai ci ba, duk baƙon da ya gani da jaka abinci yake gani.

Muka shiga gonaki da Kawu a gaba. Duk manomin da muka iske, yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi ta tambaya yaya gyaɗar bana. Amsa ɗaya ce: “Alhamdu lillahi, lafiya lau.” Sai ya ja mu zuwa kunyar da ta fi kowace kyau, ya tsaya yana gyara hula a ɗauka. In ta ce marar lafiya take nema, sai ya ce ai shi bana Allah ya tsare shi. Alhali ga can muna hango inda shuka ta ƙanƙance, ganye ya murɗe ya yi rawaya, wani da ɗigo-ɗigo baƙi. Kawu kansa haka ya yi mana a tasa gonar, ya bi da mu ta yamma ya kauce wa gabas. Kunya ta hana a kai mu kunyar da muke nema. Na san abin: mutum ba ya son ya zama mai ƙorafi ga Ubangiji, ba ya kuma son maƙwabci ya ji rumbunsa zai kwana wayam.

Kafin azahar waya ta cika da ganye masu ƙoshin lafiya, caji ya yi ƙasa. Yarinyar ta zauna gindin ɗorawa ta haɗa kai da gwiwa. Can ta ce, “Umma, ko dai mu koma a yi yadda Baffa ya ce?” Kun san ɗan fari ba a rarrashinsa a gaban mutane. Na ce ta tashi ta kakkaɓe hijabinta, ba mu ci kuɗin mota don mu zo mu yi kuka ba.

Muna nan wani mutum ya matso ya rage murya, ya ce shi tasa lafiya lau, amma ta maƙwabcinsa ta lalace, mu zo ya nuna mana ta baya. Bai daɗe da tafiya ba maƙwabcin ya zo ya faɗi haka a kan gonar na farkon. Yarinyar har ta miƙe da murna. Na riƙe ta. Ba za mu shiga gonar mutum ba da saninsa ba, kuma ba za mu gina karatu a kan gulma ba. In haka ne, da me muka fi mai saye a shago?

Na yi sallah a cikin gida, aka kawo mana kwaɗon tafasa da ƙuliƙuli, matar Kawu tana ta ba da haƙuri wai babu tuwo da rana yanzu. Na ci na sha ruwa, kuma ban tuna ranar da abinci ya yi min daɗi haka ba. A wajen cin ne ta ce da yamma za ta je dubiyar wata maƙwabciya. Kalmar nan ta tsaya min a rai.

Da muka fito, maza suna zaune a inuwar masallaci. Ban saba tsayawa gaban maza ba, amma na ja mayafi na durƙusa daga gefe na ce, “Kawu, ɗazu mun yi kuskuren tambaya. Mu dubiya muka zo. Na hango mai jikin nan ta gabashin gonarka. Yaya jikin nata?” Kawu ya dube ni, ya dubi jama'a, ya shafa gemu. Sai ya ce, “Da sauƙi.” Wani tsoho ya kwashe da dariya ya ce, “Au, ashe tana kwance! Kai da ka ce lafiya lau?” Kawu ya ce, “To kai taka fa, da ta kuturce tun watan jiya?” Shi ke nan bakin kowa ya buɗe. Wanda ya ce da sauƙi ai ya yarda akwai ciwo, kuma bai yi wa Allah butulci ba. Ba a korar mai dubiya.

Ranar nan har gardama aka yi kan wanda tasa ta fi jin jiki. Wannan ya ja mu, wancan ya ce a fara da shi. Yarinyar tana durƙushe tsakanin kunyoyi tana ɗauka, tana tambayar yaushe abin ya fara, su kuma suna faɗa mata sunan da suke kiran kowane ciwo. Da wayarta ta mutu, mai shagon cajin garin ya ara mata tasa.

Ta ƙarshe gonar wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, 'yar ƙarama, kusan rabinta ya tafi. Tsohuwar ta tsaya tana kallo har aka gama, sannan ta ce, “'Yar nan, yaushe za a kawo maganin?” Yarinyar ta ɗago kai. Ta ce, “Inna, ni ba magani nake kawowa ba. So nake a riƙa gane ciwon da wuri. Kuma ba bana ba.” Tsohuwar ta sunkuya ta ɗago wani ganye da ya fi sauran lalacewa ta ce, “To ɗauki wannan ma, ki ɗauka da kyau.” Na juya baya don kada a ga idona.

Hadari ya taso muna kan acaba, ruwa ya same mu kafin Makoda, muka iso Ɗanbatta jiƙe sharkaf da ƙullin kuɓewar da Kawu ya ba mu. Baffa yana zaure shi da maigidan. Ya ce, “An samo majinyatan?” Na ce an samo, Yaya. Ya ce to wane ofis ne zai ɗauki mai hoton ganye aiki? Yarinyar ta ce masu harkar iri da taki suna neman irinsu, da bankuna, ga koyarwa. Ya ce kowa ma haka yake faɗa kafin ya gama. Na ce aiki na Allah ne, amma duk kujerar da ta zauna, in aka tambaye ta wa ya yi wannan, ba za ta sunkuyar da kai ba.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne mutanenmu ba ɓoye gaskiya suke ba, so suke a tambaye su ta ƙofar da ba za ta zubar musu da mutunci ba. Na kuma koyi cewa tsadar rayuwa tana iya rage mana tuwo, amma ba ita za ta zaɓar mana abin da za mu ciyar da 'ya'yanmu ba. Ku iyayen da 'ya'yanku ke ajin ƙarshe, in an ce muku kowa saye yake yi, ku ce ban da naku.

Jiya malamin ya duba hotunan da ta tura masa ta waya, ya ce sun isa ta fara. Ko wayar za ta koya, ko ba za ta koya ba, Allah ne masani, ga ta can ɗaki tana fama. Amma shekara dai ba za ta maimaita ba, kuma ba mu saya ba.