Tani Ungozoma da Rabon Gonar Halliru

Duk wanda aka haifa a Kwargaba cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce ba Tani ta yanke masa cibiya ba. Gajeriya ce mai kaifin ido, ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Mata kan yi mata tsiya cewa tana gane ciki tun kafin mai shi ta sani.

Wannan idon ne ya jawo mata rigima da 'ya'yan cikinta. Mijinta Halliru ya rasu bai bar wasiyya ba, ya bar mata uku, 'ya'ya goma sha ɗaya, da fadama ɗaya a bakin gulbin Rima. Tani ce uwargida, maza huɗu nata ne. Ana gama sadakar arba'in babban ɗanta Atiku ya matsa a raba gonar, don dashen albasa ba ya jiran kowa.

Ran da liman ya zo da igiyar awo, Tani ta leƙo zaure da mayafin takaba.

"Malam, a naɗe igiyag ga. Akwai magajin da ba a lissafa ba."

Atiku ya ɗago kai. "Inna, mi kike faɗi?"

"Sauda na da ciki. Kunya ta hana ta magana."

Sauda ita ce ƙaramar matar, ba ta taɓa haihuwa ba. Liman ya ce ba a raba gado sai ciki ya sauka, kuma jariri ba ya gado sai ya zo da rai an ji kukansa. Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Wata bakwai Atiku yana gaishe da uwarsa daga bakin ƙofa, ba ya zama. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko sau ɗaya ba ta yi da-na-sani ba. Gonar kuwa aka noma ta a haɗe, kowa na cika yana batsewa.

Da hantsi naƙuda ta kama Sauda. Yaro ya faɗo hannun Tani shiru, jiki sake, ko motsi babu. Ma'u, ta tsakiya cikin matan, ta fara salati. Tani ta san sarai abin da shirun nan ke nufi: 'ya'yanta ba za su rasa ko taki ɗaya na gonar ba. Ta share masa baki da hanci, ta kifa shi a cinya tana murza bayansa, tana murzawa har hannunta ya sage. Can ya ja numfashi, ya tsala kukan da aka jiyo har zaure.

Ta fito tana goge zufa, ta iske Atiku tsaye a tsakar gida.

"Ka jiya da kunnenka?"

"Na jiya, Inna."

"To ƙanenka na. Shiga ka yi mai kiran salla, kai ne ubanai yanzu. In ka gama, ka kira liman shi taho da igiya."