Kwalbar da Na Yi wa Rubutu

Ƙanena yana da gidan burodi a Bakori. Shekarar da hukuma ta tsananta bincike a gidajen burodi, sai ya kawo mini wata kwalba cike da farin gari kamar gishiri, ya ce in ɓoye masa.

"Mene ne wannan?"

"Buromet ne, Yaya. Kaɗan ake barbaɗawa a kwaɓi, burodi ya tashi ya yi kyau. Zafin tanda yana kashe dafinsa."

"To ɗanyensa fa?"

Ya yi dariya. "Wa zai ci shi ɗanye? Akuya?"

Na karɓa ba da son raina ba. Na yanki takarda na rubuta cewa guba ce, kada a taɓa, na manna a jikin kwalbar. Da ajami na rubuta, don shi hannuna ya saba da shi. Na ajiye ta kusa da allona.

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, a gidana take zaune, tana fama da ciwon gwiwa. Ba ta iya karatu ba, amma duk abin da ke ɗauke da baƙaƙen Larabci albarka ne a wurinta. Ko a bola ta ga irin takardar sai ta tsince ta, ta karkaɗe, ta soke a katanga. Ina gona ta shiga share mini ɗaki, ta ga rubutuna, ta ɗauka magani na haɗa. Ta yi bismilla, ta zuba a kokonta, ta sha.

A asibitin Malumfashi likita ya ce garin nan, in ya gamu da tsamin da ke cikin mutum, yakan zama asid mai cin ƙoda da jijiyar ji. Ƙodar ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Ji kuwa ya tafi ke nan.

Ƙanena ya zo dubiya da burodi uku a leda. Burodi! Na tare shi a bakin ƙofa.

"Haba Yaya, ƙaddara ce. Kuma ai ba ni na yi rubutun ba."

"Ƙaddarar ce ta sayo buromet? Ita ta ce a ciyar da Musulmi abin da ake ɓoyewa?"

Na cusa masa ledarsa a ƙirji. Har yau ban manta dariyarsa ba, kuma ban fid da kaina daga laifi ba.

Yanzu Gwaggo ba ta jin ladan. Sau biyar a yini nakan je in dafa kafaɗarta, in nuna mata gabas. Takan ɗaga murya ta ce, "Kada ka damu, Malam, ciwon ne ya fi ƙarfin maganinka." Na kasa gaya mata gaskiya. Ko na faɗa ba za ta ji ba.