Limamin da Ya Koma Sahu

Jiya a wani masallaci a Tottenham, cikin Landan, wani ya wuce gaba ya tayar da kabbara bai waiwayi kowa ba. Sai Baba ya faɗo mini a rai, tsohon malamin da muke taruwa a flat ɗinsa na Edmonton. Ba ya jan sallah sai ya juyo ya ce, "Kun yarda?"

Shekarar da Misirawa suka fito zaɓe, muna kallon layinsu a talabijin, ƙamshin shayin kanumfari ya cika falon. Baba ya ce ko jam'iyyar addini ce, in jama'a suka ƙi ta, ta sauka. Wani likita ya fusata, gardama ta kaure. Da magariba ta yi, Baba ya wuce gaba, ya juyo ya yi tambayarsa ta kullum.

"Ni ban yarda ba," in ji likitan.

Baba ya gyara hularsa, ya dawo sahu kusa da ni. "Bismillah, Dakta."

Likitan ya wuce gaba ya ja mu sallah. Har yau ina jin ɗumin kafaɗar Baba a jikin tawa.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ƙasashen nan shugabannin da suka iya komawa sahu.