Furar Inna da numfashina

Shekarun baya, kafin furfura ta fara leƙo mini a gemu, ni ne mutumin da 'yan kabu-kabun Sabon Birni ke kau da kai idan sun hango shi. Ba ƙina suke yi ba, baburansu suke tausayi. Ƙiba ta kai ni ga sai a kujera nake sallah, ga ciwon suga, ga hawan jini. Da likita ya gaji da lallashi ya ce ko dai in rage jiki ko in fara shirya wasiyya, sai na tattara na tafi ƙasar waje aka yi mini aikin rage tumbi. Mai ɗakina kaɗai ta sani. Mahaifiyata kuwa, wadda gida ɗaya muke, ce mata na yi saro kaya za ni, don na san ra'ayinta: mai lafiya ba ya kai cikinsa a yanka.

Na dawo, jiki ya fara zubewa. Ni murna nake, amma gari bai taya ni ba. A kasuwar garin Isa wani ya riƙe hannuna ya daɗe yana yi mini addu'ar samun sauƙi, alhali ban ce masa komai na damuna ba. Inna ce ta fi kowa tashin hankali. Ta ga ɗan da ke share malmala uku ya koma loma huɗu ya ture kwano, sai ta ɗaura ɗamarar mayar da ni yadda nake. Safe da dare za ta dama fura da hannunta, mai kauri, da nono da suga da zuma, ta zauna a gabana da ƙwarya.

"Sha, ɗiyana. In tuwo ba shi shiga, hura ta shiga."

An gargaɗe ni a asibiti in guji kayan zaƙi, na kuma guji lemo da alewa. Amma a kaina fura ba kayan zaƙi ba ce, abinci ce, da ita aka yaye ni. Ko da ma na yi shakka, wa zai mayar wa uwarsa ƙwarya tana kallonsa? Nakan daure in kwankwaɗe da sauri don ta ji daɗi.

Sai wani abu ya fara zuwa mini wanda ban san sunansa ba. Ina zaune a shago da hantsi, zuciya za ta kama dukan uku-uku, gumi ya keto, numfashi ya riƙa tsayawa a maƙogwaro kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. In ya sake ni, sai wata irin gajiya ta biyo baya, ko awo ba na iya yi wa mai saye. Barci ma ya zama abin tsoro. Da na kwanta sai in farka a shaƙe, ina tari, wani ruwa mai ɗaci a baki. Na koma kwana a zaune, jingine da bango. Abin da ke cin raina shi ne tunanin cewa wani abu ya kwance a inda aka ɗinke, mutuwa zan yi, kuma ni na je na sayo ta da ƙafata a ɓoye.

Ƙanena ya raka ni Sakkwato. Kun san mu, ba a barin majinyaci ya shiga wurin likita shi kaɗai, don haka yana tsaye a kaina likitan ya tambaya ko an taɓa yi mini aiki. Na dubi ƙanena, na dubi likita, na ce a'a. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna zuciya, ba a ga komai ba. Abin mamaki, kwana ukun da muka yi can ko sau ɗaya abin bai zo ba, har barci na yi a kwance. Muna dawowa gida, washegari ya kama ni.

Nan Inna ta yanke hukunci. "To ka gani? Can lahiya lau kake, nan ciwo. Wanga ba na asibiti ba ne, abu anka aje maka cikin gidan ga." Ta sa aka kwashe ni zuwa gidanmu na gado a Gangara, inda za ta yi jinyata da kanta. Fura ta koma sau uku a rana. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ce in riƙa sha har ƙarshen rayuwata ma na daina, don kada ta gani ta tambaya. Wayo nake yi a ganina.

Kwana na tara a can, ina sahun la'asar, na ji masallaci yana juyawa. Na buɗe baki ina jan iska, iska ta ƙi shiga. Ban san lokacin da na faɗi ba, sai farkawa na yi ana yayyafa mini ruwa, wani dattijo yana laƙƙana mini kalmar shahada a kunne. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da mai ɗakina ta iso daga Sabon Birni, ko zama ba ta yi ba. "Alhaji, ni na gaji da riƙon wagga magana. Ko ka tahi ka hwaɗi ma likita gaskiya, ko ni in hwaɗi ma Inna yanzun ga. Ba ka mutuwa ka bar ni da ita."

Na koma Sakkwato, wannan karon ni da ita. Na ɗaga riga na nuna wa likitan 'yan tabon da ke cikina. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa. Ya sa na lissafa masa abin da nake ci da lokacin da abin ke zuwa. Ina ambaton fura da suga da zuma ya ɗaga hannu. Ya ce ɗan tumbin da ya rage mini ba ya iya riƙe abu mai zaƙi da yawa, zarcewa yake yi hanji a lokaci guda, shi ke kawo bugun zuciya da gumi da sarƙewar numfashi. Kwanciya da cikakken ciki kuma ita ke dawo da abinci maƙogwaro. Ga jini ya yi ƙasa saboda ƙwayoyin da na bari. Ɗinki yana nan lafiya, babu abin da ya kwance.

Na ji sanyi a raina, amma tun a mota sanyin ya gushe, don saura in gaya wa Inna.

Na same ta tana tsintar wake. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga tafiyar da ba ta saro kaya ba ce. Na shirya wa faɗa a kan yankan ciki, amma ko ambatonsa ba ta yi ba. Ta ajiye faifan, ta dubi tafin hannunta.

"Wata huɗu ke nan ina ba ka ciwo da hannuna, kana amsa kana godiya? Da ka mutu masallaci, ni nik kashe ka ban sani ba?"

Kuka na yi, da gemuna da komai.

Cikin 'yan makonni numfashi ya daidaita, barci ya dawo, yau a tsaye nake sallah. Na ɗauka ɓoye mata da na yi ladabi ne da gudun ɓacin ranta, ashe kunyar kaina nake ji, na bar ta ta ɗauki nauyin. Ta yafe mini tuntuni, mun ma sha yin dariyar zancen abin da aka binne a gida. Sai dai akwai abin da bai koma yadda yake ba. Matar da ta ciyar da ni shekara arba'in ba tare da shawarar kowa ba, yanzu ko ruwa za ta miƙo mini sai hannunta ya tsaya a hanya, ta ce, "Wanga ba shi yi maka komi ko?" Duk ranar da ta tambaya, sai na ji kamar ranar na faɗa mata.