Wata Uku Muna Gaba a Kan Kwamfuta Ɗaya

Wata uku muka yi muna gaba da ɗan baffana, alhali kwamfuta ɗaya muke aiki da ita a ofishin direbobi na bakin iyakar Jibiya. Ni da safe, shi bayan azahar. A gaban mutane ya kira ni ɗan koyo, ni kuwa ban haɗiye ba.

Manhajarmu ce ke faɗin motar da layi ya zo kanta. Ni na rubuta ta, da ƙananan gwaje-gwajen da ke duba ko ta tsallake wani. Nashi aikin fayil ɗin gini ne, wanda ke gaya wa kwamfuta abin da za ta harhaɗa, da sashen da za ta ɗaura wa gwaje-gwajen. Shugaban ofis ya riga ya ja kunnena, ranar da aka tsallake direba in kama gabana.

Wata rana na sake rubuta sashen layi, na sauya mishi suna. Maimakon in yi magana, sai na bar wa ɗan baffan nawa rubutu cikin fayil ɗinshi: "A gyara." Washegari na tarar da amsa: "An gyara, malam gwani." Gwaje-gwaje suka fito kore shar, alamar komai lafiya. Na ce ashe dai kan nan nashi ba na ɗaukar hula kaɗai ba ne.

Ranar kasuwa sai ga wani dattijon direba ɗan Maraɗi ya cakumi wuyan rigata. Kwana biyu yana jira da lodin tumatir, mota shida sun wuce shi, ruwan tumatir na ɗiga ƙarƙashin motar.

Na buɗe fayil ɗin ginin. Kai! Ashe ginin ya ƙi ɗauruwa don bai san sabon sunan ba, sai ɗan banzan ya mai da gwaje-gwajen kan tsohon kwafin sashen layi. Kuskuren layin nawa ne, cikin sabon sashen yake, ban musa ba. Amma gwajin da zai kama shi yana can yana duba abin da muka daina aiki da shi.

Ɗan baffan nawa na shigowa na tare shi.

"Uban me ya hana ka tambaye ni sunan?"

"Kai bakinka ciwo yake? Kalma biyu ka bar mini."

Maganarmu ta farko ke nan cikin wata uku. Shugaba ya miƙo hannu, na sa mishi makullin ofis. Ina fita na ga dattijon yana kwashe tumatir ɗin da shebur yana watsa wa awaki, ko kallona bai yi ba.