Warin Takalmin Ɗan Fari

A ƙarshen shekarun casa'in aka tura maigidana Holan karatun ban ruwa, don ya dawo ya yi aiki da masu noman tattasai na bakin Komadugu. Muka tafi da ƴarmu ƙarama. Ɗanmu na fari kuwa, Inna ta ce ba inda za shi.

Tun da aka yaye shi yake hannun Inna, mahaifiyata, a gidanmu na Diffa, bayan shagon Baba. Mu mutanen Damagaram ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce tana son tafiya da shi. Shi kansa "Yaya" yake ce mini. Na haƙura kamar yadda aka koya mini. Amma ranar haɗa kaya na ga takalmansa na fata a ƙofar ɗakin Inna. Na waiga, ba kowa, na ɗauke wari ɗaya na cusa ƙarƙashin zannuwana a akwati. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana.

Holan ƙasa ce da rana ke rowar kanta. In sanyi ya shigo, kafin ka gama la'asar gari ya yi duhu. A irin wannan lokaci ne suke bikin wani tsoho mai farin gemu da jar alkyabba, wanda yara suka yarda yana zuwa a jirgin ruwa, ya hau farin doki yana bin rufin gidaje da tsaraba. Masu yi masa hidima Turawa ne da suka shafe fuska da baƙi. Ran da na fara ganinsu a titi raina ya ɓaci ƙwarai, na kama hannun ƴata za mu juya. Ina! Ita idonta na kan abin da suke watsa wa yara, wasu ƴan ƙananan biskit kamar cincin, masu ƙamshin kirfa da kanumfari.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai leƙen taga amma mai kirki, ita ta bayyana mini sauran da guntun Faransancinta. Kowane yaro a gida zai ajiye takalminsa wari ɗaya kusa da abin ɗumama ɗaki, ya sa karoti, wato karas, a ciki don dokin, ya yi waƙa. Da safe karoti ya ɓace, alewa ta cika takalmi.

"Yaranki nawa?" in ji ta.

"Ga ta nan," na ce, na nuna ƴata. Haka bakina ya saba.

Da magariba yarinyar ta ajiye nata, ta yi waƙar da ta koyo a lakwal, makarantarsu ta boko. Sai ta shige ɗaki. Na ji ƙarar akwati. Ta fito riƙe da warin takalmin nan, har da ƙurar Diffa a jikinsa. Ashe ta daɗe da sanin maɓoyata.

"Mama, kin ce ni kaɗai ce. To shi fa? A sa masa karoti shi ma."

Maigidana ya dubi takalmin, ya dube ni, ya mayar da kansa kan littafi. Kunya ta rufe ni, amma ba irin wadda aka koya mini ba. Wata baƙuwa ta tambaye ni ƴaƴana, na tsallake ɗana, sai ƴar ƙarama ce ta tuna mini da shi. Da asuba na cika takalman biyu da alewa da biskit ɗin nan ina kuka, na ci karotin duka biyun don kada asirin doki ya tonu.

Ƴata ba ta taɓa rabon wanta ba. Ta juye shi a gwangwani ta rufe. Sabuwar shekara ta zo, maƙwabciya ta kawo mana fankensu mai zabibi, gari ya ɗauki ƙarar wasan wuta, ni kuwa tunanina ko Inna ta sa masa rigar sanyi. Da shekara ta zagayo muka sake ajiye takalma biyu.

Mun dawo lokacin tsinkar tattasai, an shanya shi ja wur daga garin Gueskérou har bakin Diffa. Gidanmu ya cika da ƴan barka da zuwa. Yaron ya shigo, ya yi tsawo, wuyansa ya fito. Ya durƙusa daga nesa.

"Yaya, sannu da hanya."

"Yawwa," na ce, ina kallon bango.

Ƙanwarsa ba ta san wannan doka ba. Ta ruga ta ɗauko gwangwanin da takalmin, ta zube masa a cinya tana ba shi labarin doki. Biskit ɗin ya bushe kamar tsakuwa. Bai ko dube shi ba. Takalmin ya ɗauka yana juyawa.

"Ashe yana wurinki," ya ce mini a hankali. "Inna ta yi ta mini faɗa wai ni na yar. Har bakin kogi na je nema."

Inna ta sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga ɗakinta, ya fito da ɗaya warin, a goge tas, ya ajiye su gefe da gefe a gabana. Ya gwada sa ƙafa, dunduniyarsa duk a waje.

Na kira sunansa, gaban Inna da kowa. Sai ya waiga bayansa, yana duba ko da wani nake.