Mushe Ilyasu da Hukuncin Sarkin Makaɗa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Ilyasu makwancinsa. Ina tuna shi kullum, amma na fi tuna shi idan na ji akuya ta maƙale a danga tana ihu. Kada ku zarge ni, ku saurari dalili.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Tama, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Allah ya jarabce shi da son kiɗan duniya, ya kuma hana shi kunne. Sai ya sa ɗalibansa su ƙera kayan kiɗan ƙasashen da suke karantawa. Gindin tanon ƙarfe, wato duro, ya zama gangar mutanen tsibirai. Ƙananan ƙorai da itace suka zama balafon na Mali. Babbar masifa ita ce salkar da aka cusa wa kara, wai haka wasu Turawa masu ɗaura zane ke busawa. Ranar da aka gwada ta, wata tsohuwa ta shigo da gudu tana tambaya akuyar wa ake yankawa ba bisimilla.

Mata sun haƙura da ɓatan ƙorai. Maza ne suka ƙi. A wajenmu kiɗa gado ne, ɗan manomi ba ya taɓa ganga. Iyaye suka taru ƙofar mai gari, suka ce ko Mushe ya bar garin, ko su janye ɗiyansu. Na san hankalinsa ya tashi, domin ya aiko na zo daga Madawa.

Mai gari ya ce a kira Sarkin Makaɗa Ɗan Tanin, shi ya san kiɗa. Yara suka jeru, suka buga, suka busa. Tsohon ya saurara ido rufe har suka gama.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "wanga ba kiɗi ba ne. Ku kwantar da hankalinku, ɗiyanku manoma na har gobe."

Aka fashe da dariya, aka watse, aiki ya tsira. Yayana kuwa, wayyo! Da ma korarsa aka yi. Har ya bar duniya bai daina cewa, "Kai dai ka ji, ƙanena, wai ba kiɗi ba!" Ni ma, gaskiya, na goyi bayan tsohon a zuciyata.

Yau yara na da kiɗan duniya kaf cikin wayar salula, ba wanda ya ƙone yatsa wajen huda kara. Da yana nan, na tabbata sai ya karɓe wayoyin ya aike su neman salka. Ɗalibansa sun girma, wasu na noman albasa, wasu na koyarwa, kuma kowannensu zai iya nuna maka Mali a taswira yana dariya.

Ranar sadakar uku ta Ilyasu, Ɗan Tanin ya zo gaisuwa, yana dogara sanda. Ya ja ni gefe.

"Ɗana, ƙarya niy yi ran nan. Kiɗi ne. Yaron da ab bisa ƙoran nan ya hi ɗiyana hannu. Da na hwaɗi gaskiya, da sun kore shi."

Na ce, "Baba, mi ya hana ka gaya mishi daga baya?"

Ya share ido da bakin rawani. "Ka san yayanka. Da kahin la'asar gari duk ya ji."